Ma'anonin kalmar «ƙarfi» a wajen ƙera akwatin juye kaya na bayan tarakta

1. Gabatarwa

A garuruwan kudancin Nijar, tun daga Ƙonni zuwa Maraɗi har Damagaram, masu walda sun daɗe da ƙwarewa wajen ƙera ƙofofi, gadaje, garmar shanu da amalanke. A shekarun baya, ma'aikatu irin su ACREMA ta Tawa, UCOMA ta Damagaram da CDARMA ta Doso ne suka shahara da ƙera kayan noman shanu, amma yanzu mai rumfa a bakin kasuwa ma yana yin irinsu da injinsa na walda da ƴan yaransa. Daga cikin ayyukan da irin wannan maƙeri zai iya sa gaba, akwai ɗaya da ya sha bamban da sauran, wato akwatin ƙarfe da ake ratayawa a bayan tarakta, a cika shi da taki ko yashi ko tsakuwa. Idan an kai inda za a sauke, direba ya ja hannu ɗaya, mai ya tura akwatin ya karkata, kaya su zube ba tare da an sa shebur ba.

Idan an yi kuskure wajen ƙera amalanke, galibi abin da zai faru shi ne dabba ta gaji da wuri ko ƙafa ta lanƙwashe. A nan kuwa kuskure yana iya sa akwati ya ƙi tashi bayan an kashe kuɗi, ko tiyo ya fashe, ko gaban tarakta ya ɗaga sama a kan hanya, ko akwati ya faɗo wa mutum. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda ake ƙera wannan akwati da yadda yake aiki, tare da nuna cewa kurakuran da muka ambata suna da alaƙa da wata matsala ta ma'ana: abubuwa huɗu dabam dabam da maƙeri yake bukatar ya lissafa, duka ana kiran su da kalma ɗaya, «ƙarfi». Duk lissafin da za mu kawo na akwati ɗaya ne da muka ɗauka a matsayin misali. Wanda ya canza awo sai ya sake lissafin da kansa.

2. Asalin na'urar da sassanta

Dabarar da aikin ya dogara a kanta tsohuwa ce. Blaise Pascal (1623-1662) ne ya bayyana cewa idan aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina cikin mazubin daidai wa daida. Littafinsa a kan wannan batu ya fito a 1663, bayan rasuwarsa. A 1795 Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsa kaya mai aiki da wannan dabara a Ingila. A farkon shekarun 1910, Garfield Wood ya yi amfani da ita a Amurka don karkata bayan motocin ɗaukar kwal. Ta ɓangaren tarakta kuwa, Harry Ferguson ya yi rajistar tsarin rataya kayan aiki ta wurare uku a 1926, tsarin da ya bazu da taraktar Ford-Ferguson ta 1939 da TE20 ta 1946, wanda kuma ya zama ruwan dare a taraktocin noma na duniya. Akwatin da muke magana a kai haɗin waɗannan biyu ne: ratayar Ferguson da karkatawa ta hanyar mai.

Sassansa biyar ne. Na farko shi ne shasi, wato gangar ƙarfen da ba ta motsi, wadda ke haɗe da hannuwa biyu na ƙasa da sanda ɗaya ta sama da ke bayan tarakta. Na biyu shi ne akwatin kansa, da ƙofarsa ta baya. Na uku ita ce gaɓa, inda akwati ke haɗuwa da shasi ta gefen baya, wadda a kanta yake juyawa. Na huɗu ita ce silinda, abin da Faransanci ke kira vérin: bututu ne rufaffe mai fistan a ciki, da sanda mai fita idan mai ya shiga. Na biyar su ne tiyo da bawul masu kawo mai daga famfon tarakta. Shi famfon da tankin mai da matata duk suna cikin tarakta tun daga masana'anta. Maƙeri aro kawai yake yi.

3. Sunan abin

Ta fuskar suna, iyakar ƙasa tana da tasiri kamar yadda aka saba gani a kalmomin aro, batun da Claude Gouffé ya yi nazari a kai game da Hausar Nijar tun 1971. A Nijeriya motar juye yashi «tifa» ce, daga Ingilishi. A Nijar ana jin «ben», daga benne ta Faransanci. A Maraɗi, da yake hanyar Katsina ba ta da nisa, ana fahimtar duka biyu. Haka abin yake ga «walda» da «sudur». Amma «tifa» da «ben» duk sun fi nuni ga babbar mota, don haka muka zaɓi «akwatin juye kaya».

Zaɓen «juye» yana da dalili a tsarin aikatau. A rabe-raben F. W. Parsons na 1960, «juya» aji na ɗaya ne, «juye» kuma aji na huɗu, wanda ke ɗauke da ma'anar gamawa ƙarƙaf. Wanda ya juya buhu ya canza masa fuska ne, wanda ya juye buhu kuwa bai bar komai a ciki ba. Wannan shi ne sharaɗin farko da akwatin zai cika. Busasshen yashi yana fara gangarowa tun daga wajen digiri 30 zuwa 35, amma jiƙaƙƙen taki da laka suna manne wa ƙarfe, shi ya sa ake nufin akwati ya karkata har digiri 45 zuwa 55. Akwatin da ya tsaya a digiri 35 ya juya, amma bai juye ba.

Sai mu lura da wani abu na rubutu: «mai» na inji (mâi) da «mai» na mallaka (mài) karin sauti ne kawai ya raba su, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna shi. A takardar koyarwa yana da kyau a riƙa cewa «man silinda» ko «man tarakta» duk inda ake tsoron ruɗani.

4. Ma'anoni huɗu na «ƙarfi»

Mu duba waɗannan jimloli, waɗanda duk mai jin Hausa zai yarda da su:

(1) Famfon nan ba ya da ƙarfi.
(2) Silindar nan tana da ƙarfi.
(3) Taraktar nan tana da ƙarfin doki 50.
(4) Ƙarfen nan ba ya da ƙarfi.

Idan za a mayar da su Faransancin fasaha, sai an yi amfani da kalmomi dabam dabam: pression ko débit a (1), force a (2), puissance a (3), résistance a (4). Wannan ba aibi ba ne ga Hausa, domin Bafaranshe ma a hirarsa ta kasuwa yana haɗa su ƙarƙashin force. Sai dai kowane ɗaya yana da ma'auninsa, kuma ƙara ɗaya ba ya gyara rashin ɗaya. A nan za mu yi amfani da «matsi» da «kwarara» ga (1), «turi» ga (2), «ƙarfin doki» ga (3), sa'an nan «ƙwari» ga (4). Mun fifita «turi» a kan «turawa» saboda ta biyun a rubuce tana karo da sunan Turawa.

4.1. Matsi

Matsi shi ne yawan nauyin da ke danna kowane ɗan fili. Ana auna shi da bar, kuma bar 1 ya yi kusan daidai da kilo 1 a kan kowace santimita murabba'i (cm²). Taraktocin noma galibi suna aiki tsakanin bar 150 zuwa 200. A misalinmu za mu ɗauki 170.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne famfo mai kawai yake turowa, nauyin kaya ne ke haifar da matsi. Idan akwati ba kome ciki, matsin zai kasance kaɗan. Idan an cika shi, matsin zai hau har ya kai abin da zai iya ɗaga kayan. Idan kayan sun fi ƙarfin silinda, matsin zai ci gaba da hawa har wani bawul na kariya da ke cikin tarakta ya buɗe, ya mayar da man cikin tanki. Saboda haka jimla ta (1) tana iya ɓoye dalilai da yawa: famfo ya cinye yana zubar da mai ta ciki, ko matata ta toshe, ko mai ya yi kaɗan, ko kuwa famfon lafiyarsa lau, an dai kafa silinda ne a wurin da bai dace ba. Agogon auna matsi, wato manomètre, shi ne ke raba gardama. Idan allurarsa ta kai 170 amma akwati bai motsa ba, laifin ba na famfo ba ne.

A nan ma aikatau yana taimakawa. Wanda ya ce «famfo bai ɗaga akwati ba» ya riga ya yanke hukunci a kan famfo. Wanda ya ce «akwati bai ɗagu ba», da aji na bakwai, ya faɗi abin da ido ya gani ne kawai, ya bar ƙofar bincike a buɗe. Kuskuren da ke biyo bayan jimlar farko shi ne a ɗaure bawul ɗin kariya da niyyar «ƙara ƙarfi», wanda hakan ke cire iyakar da ke tsare tiyo da famfo daga fashewa.

4.2. Turi

Turin silinda shi ne matsi sau faɗin fuskar fistan. Silinda mai faɗin ciki milimita 60 tana da fuska ta 3,14 × 3 × 3, wato cm² 28,3. A bar 170, turinta ya kai 28,3 × 170, wajen kilo 4800. Wanda ya ji wannan adadi zai ɗauka cewa silinda mai tura kusan tan biyar ba za ta gaza ɗaga tan ɗaya ba. Amma tana iya gazawa, kuma duk wanda ya taɓa ban ruwa da jigo ya san dalili: nauyin dutsen da ke ƙarshen jigo ba shi kaɗai ke ɗaga guga ba, nisansa daga inda sandar ta dogara yana cikin lissafi.

Mu ɗauki akwati mai faɗin mita 1,5, tsawon mita 1 da zurfin mita 0,4. Cikinsa m³ 0,6 ke nan. Busasshen yashi yana da nauyin wajen kilo 1600 a kowace m³, don haka cikakken akwati zai ɗauki kilo 960. Idan muka ƙara kilo 120 na akwatin kansa, abin da za a karkata kilo 1080 ne, kuma tsakiyar nauyin tana mita 0,5 daga gaɓa. Nauyi sau nisa ya ba mu 540. Wannan adadi ne silinda za ta rinjaya.

Mu ce an haɗa kan sandar silinda da ƙasan akwati a mita 0,6 daga gaɓa. Da a tsaye take turawa, kilo 900 ya wadatar. Amma babu wurin tsayar da ita a ƙarƙashin akwati, dole a kwantar da ita, kuma gwargwadon kwanciyarta, gwargwadon yadda turinta ke tafiya a banza wajen jan gaɓa maimakon ɗaga kaya. Nisan da ke aiki shi ne 0,6 sau sinus na kusurwar da ke tsakanin silinda da ƙasan akwati:

a digiri 25, nisan mita 0,254 ne, turin da ake bukata wajen kilo 2130;
a digiri 12, nisan mita 0,125 ne, turin wajen kilo 4330;
a digiri 8, nisan mita 0,083 ne, turin wajen kilo 6470.

Silinda ɗaya, tarakta ɗaya, kaya ɗaya: a digiri 25 aikin yana tafiya da sauƙi, a digiri 12 da ƙyar, a digiri 8 akwati ba zai ɗagu ba sam. Farkon tashi ne wuri mafi wuya, domin da akwati ya fara karkata, tsakiyar nauyi tana matsowa kusa da gaɓa, kaya kuma suna raguwa. Maganin a nan shi ne a saukar da gindin silinda ƙasa da shasi da ƴan santimita domin kusurwa ta buɗe, ba a je neman sabon famfo ba.

4.3. Kwarara da ƙarfin doki

Kwarara ita ce yawan man da famfo ke turowa a minti ɗaya, kuma ita ke yanke saurin aiki. A tsarin digiri 25 na sama, sanda tana bukatar fitowa wajen santimita 20 kafin akwati ya kai digiri 50. Man da zai cika wannan wuri shi ne 28,3 × 20, wato ɗan fiye da rabin lita. Famfo mai ba da lita 20 a minti zai gama wannan cikin ƙasa da daƙiƙa 2. Wannan sauri ya yi yawa ga kaya masu nauyin tan ɗaya: akwati zai buga a ƙarshen tafiyarsa, walda ta sha jijjiga, tarakta ta yi tsalle. Don haka ake rage gudun inji lokacin juyewa, ake kuma saka ɗan bawul mai ƙuntata hanyar mai a kan tiyo. Wannan bawul yana rage sauri, amma ba ya rage turi a lokacin da kaya suka tsaya cik, abin da ke nuna a fili cewa matsi da kwarara abubuwa biyu ne.

Ƙarfin doki kuwa haɗin biyun ne. Idan aka ninka bar da lita a minti, aka raba da 600, ana samun kilowat: 170 × 20 ÷ 600 ya ba da 5,7. Da yake doki ɗaya na awon Faransa wat 736 ne, wannan bai kai doki 8 ba. Tarakta mai doki 50 ke nan tana da rara mai yawa ga wannan aiki, kuma jimla ta (3) ba ta gaya wa maƙeri kome game da ko akwatinsa zai tashi.

4.4. Ƙwari

Ƙwari shi ne iyakar abin da ƙarfe ko walda ko tiyo za su jure kafin su lanƙwashe ko su tsinke. Ƙa'idar ita ce a lissafa shi a kan cikakken turin silinda, kilo 4800, ba a kan kilo 2130 da aikin ke bukata ba, domin ranar da ƙofa ta maƙale ko aka yi lodin da ya wuce kima, matsi zai hau har iyakarsa, turin duka ya sauka a kan kunnuwan da ke riƙe da silinda.

Ƙarfen gini na yau da kullum, irin da ake kira S235, yana fara lanƙwasa idan jan ya kai wajen kilo 24 a kowace milimita murabba'i (mm²); a wajen yankewa kuwa iyakar tana sauka zuwa wajen kilo 14. Ƙusar gaɓa mai kaurin milimita 25, wadda kunnuwa biyu suka riƙe ta dama da hagu, tana raba nauyin a kan mm² 982, abin da bai kai kilo 5 a kowace ɗaya ba. Noti mai milimita 12 da aka riƙe ta gefe ɗaya kuwa mm² 113 kaɗai gare shi, nauyin ya haura kilo 40 a kowace ɗaya, zai yanke. Rodin gini ma bai dace da wannan wuri ba, saboda tudun jikinsa yana cinye rami.

Haka batun tiyo. Tiyon ban ruwa da bututun famfon gida an yi su ne don ƴan bar kaɗan. Tiyon man silinda yana da saƙar waya a cikin robarsa, ana rubuta matsin aikinsa a jikinsa, kuma bisa ƙa'ida ba ya fashewa sai matsi ya ninka wannan sau huɗu. Kawunansa da inji ake matse su; ɗaurin waya ko na roba ba ya riƙe bar 170.

5. Abin da kalmar ba ta faɗa ba: daidaiton tarakta

Akwai iyaka ta biyar wadda babu ɗaya daga cikin jimlolin nan huɗu da ta ambata, alhali sau da yawa ita ce ke fara cika. Akwatin ba ya da ƙafafu; duk nauyinsa yana rataye ne a bayan ƙafafun baya na tarakta, waɗanda suka zama kamar madogarar jigo. Duk kilo da aka ƙara a baya yana rage nauyin da ke danne ƙafafun gaba, kuma da ƙafafun gaba ake tuƙi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada nauyin da ke kan ƙafafun gaba ya gaza kashi 20 cikin 100 na nauyin tarakta.

Mu ɗauki tarakta mai kilo 2000, kilo 800 a gaba, da nisan mita 1,9 tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Akwati da shasi da silinda mu ce kilo 200 ne. Da yashi kilo 960, jimilla 1160, tsakiyar nauyin kuma tana mita 1,4 bayan ƙafafun baya. Abin da zai ragu a gaba shi ne 1160 × 1,4 ÷ 1,9, wajen kilo 855. Ya fi kilo 800 da ke akwai, wato gaban tarakta zai bar ƙasa. Idan ana so kilo 400 su rage a gaba, abin da za a iya ratayawa bai wuce kilo 540 ba; idan aka cire nauyin ƙarfen, saura kilo 340 na kaya, kusan sulusin akwati ke nan na yashi. Busasshen taki kuwa, idan muka ɗauki kilo 500 a m³, cikakken akwati kilo 300 ne, yana cikin iyaka.

Darasin shi ne girman akwati yana bin irin kayan da za a ɗauka. Wanda zai kai taki gona a ƙarshen rani zai iya cika shi. Wanda zai ɗebo yashi daga gulbi ko tsakuwa don gyaran hanya sai ya ja layi da fenti a cikin akwati ya tsaya a nan, ko ya rataya ƙarafan nauyi a gaban tarakta, ko ya ƙera tirela mai ƙafafunta. Jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshe nauyi, don haka layin damina ya kamata ya fi na rani sauka.

6. Jerin aikin ƙira

Aikin yana farawa ne da auna tarakta, ba da yanka ƙarfe ba. Ratayar wurare uku tana da aji-aji na ƙasa da ƙasa: a aji na ɗaya ƙusoshin ƙasa milimita 22 ne, ta sama 19, a aji na biyu 28 da 25. Sai a duba ko taraktar tana da mafitar mai ɗaya ko biyu. Idan ɗaya ce, silinda mai tiyo ɗaya za a sa, wadda mai ke tura ta, nauyin akwati kuma ya dawo da ita. A wannan hali dole tsakiyar nauyin akwati ta kasance gaban gaɓa ko da ya kai ƙarshen karkata, in ba haka ba zai tsaya a sama ya ƙi dawowa. Idan biyu ce, silinda mai tiyo biyu ta fi, domin mai ne ke kai ta, shi ke dawo da ita.

Daga nan sai a zana gefen akwatin da girmansa na gaskiya a kan daɓe da alli, a yanka kwali ko katako daidai tsawon silinda a rufe da a buɗe, a gwada wuraren kafa ta har a sami inda kusurwar farko ta buɗe sosai, ƙarshen tafiya kuma ya kai digiri 50 ba tare da jikin silinda ya taɓa shasi ba. Awa ɗaya da alli tana hana asarar ƙarfe na kwana biyu.

Ana yin shasi da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, misali 60 × 60 da kaurin milimita 4. Ana yin akwati da falle mai milimita 3, wanda kowace mita murabba'i tana da nauyin kilo 23,6, a ƙarfafa ƙasansa da ƙarafa a gicciye, musamman inda kan silinda zai tura, don kada ya huda fallen. Gaɓoɓin biyu sai a zura su a kan sanda ɗaya miƙaƙƙiya kafin a yi musu walda, domin idan suka saɓa layi ko da kaɗan ne, akwati zai riƙa murɗewa a duk tashi. A fara da ɗigon walda a ko'ina, a gwada motsi da hannu, sa'an nan a cike. Kada a yi walda kusa da sandar silinda ba tare da an rufe ta ba, saboda ɗigon ƙarfe ɗaya a jikinta ya isa ya yage robar da ke tare mai. Ƙofa a rataye ta daga sama, da sakata a ƙasa da za a buɗe kafin a fara juyewa. Gwajin farko ba kaya, na biyu da rabin kaya, inji yana tafiya a hankali, kowa yana nesa.

A yankinmu ƙura babbar abokiyar gaba ce ga wannan tsari, musamman lokacin hunturu. A taraktoci da yawa man silinda shi ne man giya, don haka ƙurar da ta shiga ta bakin tiyo tana zagaya cikin tarakta duka. A goge bakin tiyo kafin a haɗa, a rufe shi idan an cire.

7. Haɗari biyu

Na farko shi ne shiga ƙarƙashin akwatin da ke sama. Abin da ke riƙe da shi mai ne kawai a cikin tiyo. Idan tiyo ya tsinke ko yaro ya taɓa hannun bawul, akwati zai faɗo kafin mutum ya janye hannunsa. Shi ya sa ake ƙera madogari na ƙarfe tun farko, a haɗa shi da shasi da gaɓa don kada ya ɓace, kuma ba a sa shi sai akwati ba kome ciki.

Na biyu ba a san shi sosai ba. Man da ke fita ta ɗan rami mai kaurin allura a bar 170 yana huda fata ya shiga nama. Matsin da bai wuce bar 7 ba ma yana iya yin haka. Raunin yana kama da sukar ƙaya, ba ya ciwo sosai da farko, amma man yana kashe naman da ya taɓa, kuma idan ba a yi fiɗa cikin ƴan awoyi ba ana iya rasa yatsa ko hannu. Ba a neman wurin yoyo da tafin hannu, da kwali ake nema. Kafin a kwance tiyo kuma, a sauke akwati, a kashe inji, a motsa hannun bawul gaba da baya don matsin da ya rage ya fita. Wanda abin ya sama ya tafi asibiti nan take, ya gaya wa likita cewa mai ne ya shiga da matsi.

8. Kammalawa

Mun ga cewa akwatin juye kaya yana tsaye ne a kan tambayoyi biyar da ya kamata maƙeri ya amsa da lamba kafin ya kunna injin walda: matsin da tarakta ke bayarwa, turin da silinda za ta yi a kusurwar da aka kafa ta, kwararar da ke yanke sauri, ƙwarin ƙusoshi da tiyo, da nauyin da zai rage a kan ƙafafun gaba. A hirar yau da kullum «ƙarfi» za ta ci gaba da ɗaukar ma'anoninta duka, kuma babu dalilin hana ta. A takardun koyar da sana'a kuwa, muna ba da shawarar a keɓe ta ga «ƙarfin doki», a yi amfani da matsi, turi, kwarara da ƙwari ga sauran, tun da dukansu kalmomi ne da mai jin Hausa ya riga ya sani. Mataki na gaba, wanda ɗalibi mai neman batun bincike zai iya ɗauka, shi ne a naɗi maganar masu walda da makanikai a Maraɗi da Damagaram yayin da suke neman dalilin lalacewar irin wannan na'ura, a ga waɗanne kalmomi suke amfani da su idan «ƙarfi» ta kasa raba musu gardama.